Majanyin Da Ban Bari An Ɗinke Ba

Ɗiyata ta fari tana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma ba haka aka haife ta ba. In mutane sun tambaya sai in ce faɗuwa ta yi ranar gudu, su ce Allah sarki, magana ta wuce. Gaskiya ne faɗuwa ta yi. Amma daga bayana ta faɗo, kuma abin da ya kai ga haka ya yi wata huɗu yana faruwa a gaban idona.

Ƙauyen da nake aure ƙarami ne, yamma da Batsari, ta wajen daji. A Karare na haihu, gidan iyayena, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ranar da zan koma ɗakina bayan na gama wankan jego, mahaifiyata ta buɗe adakarta ta ciro mani majanyi. Saƙi ne, fari da baƙi, mai kauri, ita ta kaɗa zarensa tun tana da ƙarfin ido. Ta goya mani yarinyar da zane, ta kawo majanyin ta ɗora ƙarƙashin ɗuwawunta, ta zagayo da shi ta ƙulle mani a gaba har sai da na ce wash.

"Haka ake ɗaure shi," in ji ta. "Wanga ya goyi ƙannenki uku bai taɓa ba ni kunya ba."

Yarinyar tana da wata biyar 'yan bindiga suka fara shigo mana. Da hantsi ne. Ta yi barci, na sauke ta na kwantar a tabarma cikin ɗaki, na bar majanyin ɗaure a ƙuguna, na fito ina surfe. Sai harbi, sai ƙarar babura, sai ihun mata daga gidan maƙwabta. Na jefar da taɓarya na ruga. Na tsallake danga, na shiga gonar bayan gida, na yi nisa, sannan na kai hannu baya don in tallabe ta yadda mai goyo ke yi in tana gudu. Hannuna ya taɓa bayana kawai.

Ban san yadda na koma ba. Mutanen suna can ƙarshen gari wajen shanu, Allah Ya sa ba su iso layinmu ba tukuna. Na same ta tana barcinta, ƙuda a bakinta. Na sungume ta na fito, sai muka yi ido huɗu da surukata, uwar mijina, wadda muke ce wa Inna. Tana maƙale a lungun rumbu saboda ƙafafunta ba sa iya gudu. Ta ga fitata ba goyo, ta ga dawowata. Har ta bar duniya ba ta gaya wa kowa ba, ko ɗanta.

Ranar sun kora shanu, sun kwashe hatsi, sun ɗauki akwatunan kaya. Ni abin da ya rage mani zanen jikina, da wani da na shanya a bayan ɗaki, da majanyin.

Daga ranar ban ƙara yarda in sauke yarinyar ba. Da ita nake daka, da ita nake zuwa rijiya, da ita nake salla. In zan ba ta nono sai in juyo da ita gaba ba tare da na kwance ba. Wanka kaɗai ke raba mu, shi ma a bakin makewayi nake ajiye ta inda nake jin numfashinta, in watsa ruwa, in dirje majanyin da sauri, in matse in mayar da shi jiƙe. Barci ma da shi nake yi a ƙugu, ita kuma manne da cikina.

Matan unguwa suka samu abin yi da ni a bakin rijiya.

"Ke wai ba ɗiyar fari ba ce wannan? Ina kunyar?"

"Ku bar ta, sai ranar auren yarinyar za ta kwance. A kai su ɗakin miji tare, goye."

"Ki sauke ta ta sha iska mana, bayanki duk ya yi ƙuraje."

Ina dariya tare da su, don ba zan iya faɗin dalili ba. Su ma kowace da abin da take ɓoyewa. Akwai wadda ta daina cire takalmi ko a kan gado.

Damina ta shigo. Majanyin ba ya bushewa: gumi, fitsarin yarinya, ruwan sama. Ya fara tsami, zaren ya yi laushi. Ni kuma na koyi wata ɗabi'a da ban san ina yi ba. Da na ji ƙarar babur daga nesa, sai yatsuna su nemi bakin majanyin wajen ƙullin, su kama zare ɗaya su riƙa ja, har sai na gane ko na waye. Babur kuwa a wuni ya fi a ƙirga. Inna ce ta lura, wata safiya tana shara.

"Ɗiyar nan, zo ki gani. Wanga zaren da nake sharewa kullum, wa ke kaɗi a gidan nan ban sani ba?"

Ta ɗago tsintsiya, ga zare fari da baƙi sun nannaɗe ta. Ta jawo ni ta duba majanyin. Kalmasar bakinsa ta tafi gaba ɗaya, saƙar ta fara buɗewa, wajen ƙullin kuwa faɗinsa ya ragu, da tafin hannu guda yanzu bai fi yatsa uku ba.

Telan garinmu ya riga ya ɗaure kekensa a babur ya koma Batsari tun bayan zuwan farko. Ni kuma ɗinkina na toshe ɓula ne kawai. Inna ta iya kalmasa sosai, sai dai idonta ya yi rauni, abin da wata za ta yi kafin ruwa ya tafasa ita sai ta kai azahar.

"Kwance ki ba ni," ta ce. "Ga ɗankwalina, ki riƙe ta da shi kafin in gama."

Na yi kwana uku ina cewa gobe. A na huɗu na kwance na ba ta. Na zauna kusa da ita, yarinyar a cinyata, ni na zura mata zare a allura. Ta yi kamar taƙi ɗaya ke nan sai ga ƙarar babur, da gudu, yana nufo layinmu. Ban san lokacin da na fizge majanyin daga hannunta ba. Na cilla yarinyar baya, na ɗaure, na kai ƙofar gida. Yarinyar ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa ji ba. Ashe allurar na jikin ƙyallen, ta shige mata a cinya. Mai babur ɗin kuwa mai sayar da kifi ne, da kwandonsa a baya, har yana tambaya ko za mu saya.

Inna ta zare allurar, ta tsotse wurin, ta tofa addu'a. Can ta ce, "Ni da mai kifi za ku kashe ni kafin mutanen daji su iso."

Washegari na zo mata da dabarar da na kwana da ita.

"Inna, ki ɗinke shi a jikina mana. Ina tsaye, ko in durƙusa, ba sai na kwance ba. In ma an ji wani abu sai ki tsinke zaren."

Ta dube ni kamar na zage ta.

"A jikinki? Da yarinya a ciki? A'uzubillahi. Ba a ɗinka tufa a jikin mai rai, ke ba a gaya maki ba a gidanku? Wanda ba zai ƙara cire tufa ba shi ake gyara wa ita a jiki. Ba da hannuna ba."

An gaya mani a gidanmu. Mu can cewa ake yi tsiya yake jawowa. Ban taɓa jin an haɗa shi da likkafani ba sai a bakin Inna, kuma tunda ta faɗa maganar ta zauna mani a ƙirji.

Mijina yana alwala a gefe, ya ji mu. Ya ce, "Inna, wannan fa camfi ne. Malam ya sha faɗa a wajen karatu, ba ya cikin littafi."

"To ga allura nan, malamin gida. Zo ka ɗinka."

Ya yi dariya ya shafa kansa ya fita masallaci. A lokacin hankalinsa ba ya gida. Ya shiga 'yan sa-kai, ya samo bindiga ƙirar gida, kullum suna taro a gindin tsamiya. Ya ce mani in ya je kasuwa zai sayo mani sabo, amma hanyar kasuwar ce aka daina bi.

Sau ɗaya na ɗauki allurar da kaina. Na zagaya bayan rumbu inda ba mai gani, na sunkuyar da kai ina kallon ƙullin, na kama bakin ƙyallen. Yarinyar tana barci, kumatunta a kafaɗata, ina jin ɗumin numfashinta. Na sa tsinin allura a saƙar. Sai na ga kamar farin ƙyalle nake naɗe ta da shi. Na yi ta karanta abin da na iya, na ce wa kaina ai mijina ya ce camfi ne, amma na kasa tura allurar. Na soke ta a jikin rumbu na dawo. Abin da na yi kawai, na riƙa matsar da ƙullin zuwa inda saƙar ke da sauran ƙarfi, ina ƙulli biyu maimakon ɗaya. Yatsuna kuwa ba su daina ja ba.

A watannin nan garin ma ya sake. Bafulatanar da ta shekara tana kawo mana nono, wadda ta zo barka da ƙwaryar man shanu ranar da na dawo da jaririya, ta daina zuwa. Aka ce an tare mijinta a hanya an yi masa dukan da bai tashi ba, aka ce ba shi da hannu a komai, aka ce yana da shi. Ban tambayi mijina ba, shi ma bai faɗa ba, amma ya kwana biyu ba ya cin tuwo. Bayan haka 'yan bindigar suka aiko cewa za su dawo mana.

Sun dawo da kaka, ana tsinkar gyaɗa. Yarinyar tana da wata tara, ta yi nauyi. Muna zaune mu da yawa a gonar da ke gabas da gari, bayan azahar, kowa da tulin gyaɗa a gabanta. Wannan karon ba shanu suka zo nema ba. Mun ji harbin 'yan sa-kai, tau, tau, jefi-jefi, sannan muka ji nasu wanda ba ya tsayawa. Hayaƙi ya tashi daga wajen rumbuna.

Na miƙe da ita a bayana. Wallahi har wani sanyi na ji a raina, na ce yau dai ga ta nan, ban bar ta ba. Na kutsa cikin dawa, ganye na yankar fuskata, hannuna ɗaya a bayanta. Bayan gonar akwai wani kwazazzabo da ruwa ya haƙa, zurfinsa ya fi tsayin mutum, ƙasansa duwatsu. Ta nan kowa ke bi. Wajen sauka dole sai da hannu biyu. Na saki yarinyar, na kama saiwar wata bishiya, na dira.

Ban ji ƙarar tsinkewar ba. Sauƙi na ji, bayana ya yi sakayau. Zanen shi kaɗai bai riƙe ta ba, ta sulale ta ƙasa. Da na juya tana kwance a kan dutse, ƙafarta ta hagu a lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa. Bakinta a buɗe, kukan bai fito ba tukuna. Da ya fito, wata mata da ke gabana ta juyo ta ce, "Rufe mata baki, za ki sa a kashe mu!"

Na ja jiki ƙarƙashin wata gaɓa da ta rufto, na cusa mata nono a baki. Ta ƙi kamawa. Na danna fuskarta a ƙirjina ina sassautawa, ina dannawa ina sassautawa, don ta samu numfashi. Babura suka wuce ta sama sau biyu. Haka muka zauna har rana ta yi ja. Cinyar ta kumbura ta yi sheƙi. Majanyin yana ƙuguna har lokacin, ƙullina biyu suna nan daram, gefensu ne ya rabu.

An kashe mutane ranar, ba zan jera su ba. Mijina ya tsira. Shi ya goyo Inna a bayansa har inda aka taru. Kwana biyu muka yi kafin a samu motar da ta yarda ta ɗauke mu, kullum yarinyar a tafin hannuna, don ba ta goyuwa. Kukanta ya koma kamar na 'yar mage. Muka wuce Safana, inda yayar mijina take koyarwa a makarantar firamare, ta ba mu ɗaki ɗaya a gidanta.

Da safe aka kai mu wajen mai ɗori, wani tsoho mai farin gemu. Ya taɓa cinyar, ya girgiza kai.

"Kwana nawa?"

"Yau uku," in ji mijina.

"Uku. Ƙashin jariri ba ya jira. Wa ya yar da ita haka?"

Na buɗe baki, Inna ta riga ni.

"Ƙyalle ne ya tsinke, Malam. Tsohon ƙyalle. Yi aikinka."

Ya ce in fita. Na ce ba inda za ni. Ya ce to in riƙe ƙirjinta, kada in kalli hannunsa. Na kalla. Ya ja ƙafar, ya murza, ya jera karare ya ɗaure. Yarinyar ta sume a hannuna, aka yayyafa mata ruwa.

A hanyar komawa Inna tana tafe a bayana da sandarta, sai na ji ta ce, ba da ƙarfi ba, "Da na ɗinke maki." Ban juya ba. Allurar da na soke a rumbu ba ta san da ita ba.

Yaya, wato yayar mijin nawa, ita ta ga guntayen majanyin a cikin kayana tana neman abin wanki. Ta ɗaga ɗaya tana kallon yadda zaren ya zazzare. Ta ce wai a Turanci kalma ɗaya ce ake faɗa wa faɗan da ya kaure tsakanin mutane da kuma bakin tufa in ya fara zarewa, har da mutum in hankalinsa ya gaji da tsoro. Ta faɗi kalmar, gajeruwa ce, ban riƙe ta ba. Aji huɗu na tsaya. Na ce mata, "Yaya, su masu Turancin ma ana korar su daga gonakinsu ne?" Ta ce ba ta sani ba. Ta tambaye ni ko a jefar da guntayen, na ce a jefar. Ita ce kuma daga baya ta ba ni littafin rubutu na 'yan makaranta, ta ce tunda ba na iya faɗa da baki in rubuta.

Da aka kwance ɗorin, ƙashi ya kama, amma ƙafar ta fi 'yar'uwarta gajarta kuma ta ɗan karkace ciki. Yaya ta matsa aka je asibiti aka ɗauki hoto. Suka ce ya haɗe a karkace, in ana son gyara sai a Katsina, kuma sai an sake karyawa. Na ce a'a tun kafin mijina ya yi magana. Har yau ban sani ba ko nan ma kuskure na yi.

Ba ta yi tafiya ba sai da ta kusa shekara biyu. Inna ta rasu kafin nan, ba ta gani ba. Yarinyar tana tafiya kafaɗa ɗaya na sauka, kamar mai ɗauke da guga. Tana da surutu, tana da tsiwa, yaran gidan ba sa iya ƙwace mata abu.

Shekara biyu da wani abu muka yi a Safana, na sake haihuwa, namiji. Bana da damina ta matso aka ce an yi sulhu, mutane suka fara komawa share gonaki. Mijina ya ce ba zai ƙara shekara yana cin tuwon mijin yayarsa ba. Ban yi musu ba, ni ma nauyin ya ishe ni. Amma sulhun nan mun sha jin irinsa. Na zauna na yi lissafin abin da ke gabana: jariri zai hau baya, hannu biyu kuma na sauka kwazazzabo ne. Ita yarinyar fa?

Wata yamma na kira ta tsakar gida. Na ce, "Zo mu yi tsere. Daga nan zuwa bishiyar can. In kin riga 'yar Yaya zan saya maki alewa."

'Yar Yaya ta girme ta da wata biyu kacal. Na tafa hannu suka ruga. Waccan ta kai bishiyar ta dawo, tawa ba ta kai rabi ba. Ta faɗi, ta tashi, ta ci gaba, tana dariya. Da ta taɓa bishiyar ta juyo ta ce, "Na zo! A ba ni!"

Na saya mata alewar. Da na dawo na samu Yaya a madafa tana tankaɗe, na durƙusa kusa da ita na karɓi rariyar. Ta ga tseren ta taga, ba sai na yi dogon bayani ba.

"Ki bar mani ita," ta ce. "In ta isa in sa ta makaranta. Ba kyauta na ce ki ba ni ba, ajiya ce."

Ranar tafiya na yi mata kitso, na wanke mata kayanta na ninke na sa a ɗakin Yaya. Aka aike su gidan maƙwabta ita da sauran yara, wai su karɓo garwashi. Kafin su dawo muka hau mota.

Yanzu wata uku ke nan. Gero ya fitar da kai. In aka samu sabis a kan tudun bayan gari, mijina yakan kira Yaya a ba yarinyar waya. Jiya ta ce mani an saya mata takalmi, amma ɗaya yana cire mata. Ta tambaye ni yaushe zan zo. Na ce sai an yanke gero. Ta ce gero nawa ne, na ce da yawa. Ta ce to in yi sauri.